Abin da Bakin Yaro Ya Kasa Faɗa: Tarihin Jinya da Wasa a Hartum da Umdurman

A shekarar 1949 wani likita ɗan garin Kawa na bakin Farin Nilu, Tijjani al-Mahi, ya dawo daga Landan da shaidar ƙwarewa a kan ciwon ƙwaƙwalwa, ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya a Bahri, wato Hartum ta Arewa. Kafin shi babu ɗan Sudan da ya yi wannan karatu. Ya gama makarantar likitoci ta Kitchener a 1935, daga baya ya yi aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya a Iskandariyya, har ya shiga majalisar ƙoli da ta riƙe ƙasar bayan boren Oktoban 1964. Ya rasu a 1970, kuma shekara guda bayan haka aka buɗe asibitin ƙwaƙwalwa na Umdurman da sunansa.

Abin da ya sa har yau ake ambatonsa ya wuce takardar Ingila. Tijjani bai ɗauki shehunan da jama'a ke kai wa majinyata a matsayin kishiyoyi ba. Ya je ya zauna da su, ya ga yadda ake rubutun sha da tofi da turare, ya kuma nazarci zar, wanda wani reshensa a Sudan ake kira zar-bori, kuma duk Bahaushen da ya ga yadda ake yinsa zai gane danginsa. Hanyarsa ita ce a fara jinya daga abin da mutane suka sani suka kuma yarda da shi, sannan a shigo da na asibiti. Wanda ya gaje shi, Taha Ba'ashar ɗan Sawakin, ya ɗora a kai, har likitoci suka riƙa zuwa Umm Dubban, babbar tsangayar zuriyar Shehu Wad Badr da ke gabas da Shuɗin Nilu, suna duba waɗanda aka kai wurin shehi. A daidai wannan zamani Thomas Lambo yake irin wannan yunƙuri a ƙauyen Aro na Abeokuta, wanda ya fara a 1954.

Kusan duk wannan aiki na manya ne. Babba idan abu ya tsaya masa a rai yana iya durƙusawa gaban shehi ko ya zauna gaban likita ya amayar. Matar da ƙuncin gidan miji ya isa tana da ɗakin zar, inda za a buga mata ganga, ta faɗi abin da ba ta isa ta faɗa a tsakar gida ba. Ɗan shekara biyar ba shi da ko ɗaya. In ya ga abin da ya fi ƙarfin zuciyarsa, sai ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa, ko ya riƙa zabura cikin barci, ko ya ɗauke wuta ya daina magana, ko ya zama mai cizo da duka. Sai a ce ƙiriniya ce a ɗauko tsumagiya, ko a ce iska ce a nufi gidan malam. Ni malamin firamare ne, na yi karatu a Jami'ar Afirka ta Hartum, kuma shekarun da na yi ina tsaye gaban yara sun sa wannan giɓi ya hana ni sakat. Ƙasar da ta riga kowa a Afirka gane cewa jinyar hankali tana farawa daga al'ada, ta yaya ta daɗe haka ba ta lura cewa yaro ma yana da tasa al'adar ba, wato wasa?

Ita wannan sana'a ta jinya da wasa ba ta da tsufa sosai ko a Turai. Wata malamar makaranta a Biyana, Hermine Hug-Hellmuth, ita ce ta fara wajen 1920, tana zuwa gidajen yaran da suka gagari iyayensu ta zauna ta kalli yadda suke wasa. Melanie Klein ta zo da ƙananan mutum-mutumi da motoci da gidaje na katako, tana cewa abin da babba ke faɗa da baki shi yaro ke faɗa da waɗannan. Anna Freud ta saɓa mata a kan yadda za a fassara abin da aka gani, suka yi ta jayayya shekara da shekaru. Wadda ta fi burge ni ita ce Margaret Lowenfeld, likitar yara da ta yi aiki a Folan bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ta ga abin da yaƙi da annoba ke yi wa ƙananan yara. Ta buɗe asibitinta a wata unguwar talakawa ta Landan a 1928, kuma a shekarar da ta biyo baya ta ajiye faranti mai faɗi cike da yashi, da ruwa, da akwatin ƙananan abubuwa, ta bar yara su gina duniyar da suke so. Ita kuwa Anna Freud, lokacin da Jamus ke ruwan bama-bamai a Landan ta riƙe gidajen renon yara a Hampstead, inda ita da Dorothy Burlingham suka lura cewa raba yaro da uwarsa ya fi ƙarar bam ɗin kanta yi masa illa. A Amurka Virginia Axline ta fitar da littafinta a 1947, wanda ya zama madogarar mafi yawan masu aikin a yau.

Yadda ake yi ba shi da wuyar faɗa. Ɗaki ɗaya, rana ɗaya a mako, lokaci ɗaya da ba ya canjawa, kamar minti 45. Akwai 'yar tsana da iyalinta, akwai yashi da yumɓu da fenti, akwai motoci da sojojin roba. Yaro ne ke jan ragama. Babban da ke tare da shi ba ya ce masa yi kaza, ba ya yi masa wa'azi, ba ya tsare shi da tambaya. Yana kallo, yana mayar masa da abin da ya gani cikin gajeriyar magana: na ga wannan ɗan ƙaramin ya ɓuya, kamar yana jin tsoro. Iyaka kaɗan ce, kada ka ji wa kanka ciwo, kada ka ji mini, kada ka fasa kaya da gangan. Yaron da aka ƙona musu gida yana iya gina gidan ya rushe sau ba adadi, mako bayan mako, sai wata rana a ga ya sa wani ya zo da ruwa, ko ya fitar da mutanen gidan ta ƙofar baya. Abin da ya auka masa ba da zaɓinsa ba, yanzu shi ke juya shi. Wuyar tana wajen babban, domin kame baki da hannu a gaban yaro yana rusa gida horo yake buƙata.

Yaran Umdurman na da ba su san wannan ɗaki ba, amma ba su rasa komai ba. In wata ya yi fari sai a fita shilel: a ɗauki farin ƙashi a wurga shi nesa cikin yashi, ƙungiya biyu su bazu suna lalube, wanda ya tsinta ya sheƙa zuwa sha kafin a cafke shi. Akwai shaddat, a riƙe ƙafa ɗaya ana tsalle ana ture juna, langarmu sak. Akwai sija, 'yar'uwar dara. 'Yan mata suna da 'yar tsanarsu ta kara da tsumma, bit umm lu'ab, suna yi mata kitso da lalle da biki. Bayan ambaliya ta janye, samari ƙanana kan kwaso laka a bakin Nilu su ƙera shanu da raƙuma. Da dare kuma akwai habboba, kakar gida, a kan gadonta na igiya a tsakar gida, da tatsuniyoyin dodanni da marayu irin su Faɗima Samha. Farfesa Abdullahi al-Tayyib, wanda ya shugabanci Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano a tsakiyar shekarun 1960, ya tattara irin waɗannan tatsuniyoyi a littafi.

Ba zan ce wannan jinya ba ce, don babu wanda ya shirya shi domin mai ciwo. Amma yana tare abubuwa da yawa tun ba su zama ciwo ba. Yaron da aka daka da safe yana da inda zai sauke fushinsa da dare ba tare da an kira shi mara kunya ba. Tsoron da ba shi da suna yana samun suna a bakin habboba, ya zama dodo, kuma a ƙarshen labari a ga bayan dodon. Mafi muhimmanci, akwai tsohuwa zaune wadda ba ta da gaggawa, wadda za ta fara lura in wani jikanta ya daina fita wasa.

Akwai alƙaluma da suka nuna abin da ya faru da wannan duniyar. A 1964 zuwa 1965 wata likitar ƙwaƙwalwar yara daga Suwidin, Marianne Cederblad, ta bi gida gida a ƙauyuka uku na gefen Hartum, ta tattara bayanin yara 1,716 'yan shekara 3 zuwa 15. Da wuya a sami aikin da ya riga shi irinsa a nahiyar nan. A 1980 ta dawo wurin tare da likita ɗan ƙasa, Sheikh Idris Abdurrahim, suka tarar birni ya haɗiye ƙauyukan. Suka duba yara 245. Jikin yara ya fi lafiya, abinci ya fi kyau, amma matsalar ɗabi'a ta ƙaru a wajen maza 'yan shekara 7 zuwa 15. A nawa ganin, ba sai an yi nisa wajen neman dalili ba. Filin shilel ya zama fuloti, uba ya tafi ci-rani Saudiyya kamar dubban 'yan Sudan na waɗannan shekaru, habboba tana can ƙauye, makaranta kuwa aji ɗaya ya cika ya batse. A ƙarshen shekarun 1970 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi wani bincike a ƙananan asibitoci na ƙasashe huɗu, Sudan da Indiya da Filifin da Kolombiya, kuma na Sudan an yi shi ne a yankin Shajara da Jabal Auliya, kudu da Hartum. Daga kashi 12 zuwa 29 cikin ɗari na yaran da aka kawo suna da wata damuwa ta hankali ko ɗabi'a, amma ma'aikatan lafiya ba su gane ko kashi ɗaya cikin huɗu na waɗannan ba. Uwa ta kawo yaro da ciwon ciki ko ciwon kai, a ba shi ƙwaya, su koma gida da abin da suka zo da shi.

Mutumin da ya fi kusa da gane bakin zaren shi ne Malik Badri. An haife shi a Rufa'a a 1932, ya yi karatu a Bairut da Ingila, kuma duniyar Musulmi ta fi saninsa da littafinsa na 1979 a kan tsaka mai wuyar da masana halayyar ɗan Adam Musulmi ke ciki. Tun yana matashi ya gwada wa yaran Sudan wani gwajin Amurka da ake ce wa yaro ya zana mutum a auna kaifin hankalinsa da zanen. Ya lura yaran ƙauye da yawa ba su saba riƙe fensir ba, har a 1965 ya wallafa nazari a kan barin su su yi zanen da yatsa. Ƙaramin abu ne, amma akwai darasin Tijjani a cikinsa: in kana son ka ji yaro, ba shi kayan aikin da hannunsa ya sani. Har ya rasu a Malesiya a 2021 yana jan kunne a kan kwaso ilimin Turai ɗungurungum a kife wa mutanen da ba don su aka ɗinka shi ba.

Gidan su Malik ɗin ne ya gina wurin da aikin ya sami masu yi. Mahaifinsa Babikir Badri, tsohon mayaƙin Mahadi, ya buɗe makarantar 'yan mata ta farko a Rufa'a a 1907. Wani ɗan Babikir, Yusuf, ya kafa kwalejin mata ta Ahfad a Umdurman a 1966, kuma cikin sassanta na farko akwai na ilimin halayyar ɗan Adam da renon yara kafin firamare. Haɗa waɗannan biyu a ƙarƙashin rufi ɗaya hikima ce babba, domin yarinyar da ta koyi yadda zuciya ke aiki ita ce kuma aka tura ta zauna a ƙasa da 'yan shekara huɗu. Ɗaliban Ahfad, tare da na Jami'ar Hartum da Jami'ar Musulunci ta Umdurman, su ne daga baya suka cika asibitoci da makarantun renon yara da ƙungiyoyin agaji. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa ba su taɓa isa ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2009 ya nuna ba su kai ɗaya ga mutum miliyan ɗaya ba, mafi yawansu a babban birni, kuma ƙasashen Larabawa da Ingila suna ta ɗebe su.

Daga nan labarin ya koma na masifa, don a Hartum wasa bai shigo a matsayin magani ta ƙofar asibiti ba, ta ƙofar tanti ya shigo. Yaƙin Kudu ya sake ɓarkewa a 1983. Fari na 1984 da 1985 ya koro mutanen Kurdufan da Darfur suka zube a Muwailih, yamma da Umdurman. Ambaliyar Agustan 1988 ta rushe gidajen laka na gefen birni. Sansanoni suka tsaya da ƙafarsu: Mayo, Jabal Auliya, Wad al-Bashir, Dar as-Salam. Kasuwanni suka cika da yara marasa gida, waɗanda mutanen gari ke kira shamasa, suna kwana a kwalbati suna shaƙar sholisho. Ƙungiyoyi irin su Sabah da Amal suka buɗe musu wuraren da za su yi wanka su ci abinci, kuma a nan aka fara ganin ƙwallo da zane da wasan kwaikwayo ana amfani da su don jawo yaron da ya daina yarda da kowane babba. Gwamnati kuwa a shekarun 1990 kame ta riƙa yi, tana kai su sansanonin horo nesa da gari, abin da ƙungiyar Human Rights Watch ta rubuta a rahotonta na 1995.

Sai kuma mari. Wajibi ne in faɗe shi, ko da yake ina girmama tsangaya kuma a cikinta na fara karatu. Yaron da ya gagara a gida, a Sudan kamar a nan, sau da yawa khalwa ake kai shi, wato tsangayar Sudan, kuma a wasu daga cikinsu sarƙa ce ke jiransa. A Oktoban 2020 sashen Larabci na BBC ya fitar da binciken ɗan jarida Fathurrahman al-Hamdani, wanda ya ɗauki hoto a ɓoye a makarantu 23, aka ga ƙananan yara da mari a ƙafa. Shekara guda kafin nan 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna. Mukan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma da yawa daga waɗannan yara ba taurin kai ke damunsu ba, tsoro ne da baƙin ciki da ba su iya furtawa, kuma duka ba ya cire ko ɗaya. Iyayen da suka kai su ba mugaye ba ne. Sun gaji ne, kuma babu wata ƙofa da aka nuna musu.

Lokacin da nake ɗalibi nakan je hutun Juma'a wurin wasu danginmu a Ingaz, unguwar da aka mayar da mutanen tsohuwar Ishash Fallata, inda har yau za ka ji Hausa a bakin jikokin mahajjatan da suka taka da ƙafa. Maƙwabtansu sun karɓi wata yarinya 'yar shekara shida ko bakwai daga dangin da suka gudo daga Darfur. Ba ta magana sai da kai. Kullum tana bakin randa tana kwaɓa ƙasa da ruwan da ya zuba, ta jera ƙananan ɗakuna a zagaye, ta sa tsinke a kowanne, sannan ta tattake su da tafin hannu. Matar gidan abin ya dame ta, ta ce wa tsohuwar da nake sauka wurinta: "Inna, yarinyar nan fa sai an kai ta wurin malam, kullum aikin ke nan, ga ɓata kaya." Tsohuwar ta ce: "A kai ta a yi mata addu'a, 'yar nan, amma kada ki hana ta ƙasar. Ki bar ta ta gama." Ta sa aka matso da tabarmarta kusa da randar, tana tsinkar zogale tana kallon yarinyar, wani lokaci ta ce, "Wannan ɗakin na wa ne?" in ba a amsa ba ta ƙyale. Kafin in bar ƙasar yarinyar ta fara kiran sunayen masu ɗakunan. Tsohuwar nan ba ta taɓa jin sunan Lowenfeld ba, amma ta riƙe sharuɗɗan aikin: wuri ɗaya, mutum ɗaya da ba ya gushewa, da haƙurin barin yaro ya ja gaba.

Yaran Darfur sun nuna wa duniya haka ta wata hanya. A 2005 wasu masu bincike na Human Rights Watch, Annie Sparrow likitar yara da Olivier Bercault, suna hira da iyaye a sansanonin gabashin Chadi, sai suka ba yara takarda da fensir mai launi don su sami abin yi. Babu wanda ya ce musu su zana yaƙi. Suka zana jirage suna sakin wuta, da mahaya dawakai da raƙuma, da bukkoki suna ci. A 2007 ƙungiyar Waging Peace ta tara zane kusan 500 irin waɗannan, Kotun Duniya ta Manyan Laifuka ta karɓe su a matsayin bayanin yadda abin ya kasance. Ina jinjina wa wannan aiki, amma ina da tambaya a kansa: an karɓi shaidar yaran an tafi da ita birnin Heg, su kuma wa ya zauna da su a mako na gaba?

Domin tara yara a tanti a ba su ƙwallo da fenti, ko da yake alheri ne, bai kai jinya ba. An gwada wannan a sansanonin Gulu na arewacin Yuganda, aka wallafa sakamakon a 2007: matasa 'yan shekara 14 zuwa 17 da aka sa a rukunin wasanni ba su sami sauƙin ciwon damuwa fiye da waɗanda ba a yi wa komai ba, alhali zaman tattaunawa na rukuni ya taimaki 'yan mata. A ɗaya ɓangaren, wani nazari na 2005 a Amurka da ya haɗa bincike 93 ya nuna jinya da wasa tana aiki ga ƙananan yara, kuma ta fi aiki idan aka horar da iyaye su yi ta da kansu a gida. Wannan na biyun ya kamata ya tsaya a ran duk mai tunanin Sudan ko Arewa, inda ƙwararru ba su da yawa amma iyaye mata da kakanni da gwaggonni suna ko'ina.

An ɗan samu ci gaba kafin komai ya rushe. A 2007 'yan sandan Hartum suka buɗe sashen kare iyali da yara, inda ake jin ta bakin yaron da aka ci zarafinsa a ɗakin da aka shirya dominsa, tare da ma'aikatan jin daɗin jama'a. Dokar yara ta fito a 2010. Ahfad ta buɗe cibiyar kula da masu raunin zuciya a 2012, tana karɓar mutane kyauta tana kuma horar da ma'aikata zuwa jihohi. Gidan marayu na Maiguma, wanda aka kafa a 1961, ya daɗe yana binne mafi yawan jariran da aka kai masa, har Likitoci Marasa Iyaka suka shigo a 2003 aka ƙara masu reno, aka kuma fara ba da jarirai riƙo ga iyalai bisa tsarin kafala. A can aka sake tabbatar da cewa madara kaɗai ba ta raya jariri, sai an ɗauke shi, an yi masa wasa, an kalli idonsa. A zaman dirshan da masu zanga-zanga suka yi a gaban hedikwatar soja, daga 6 ga Afrilun 2019, matasa sun kafa wa yaran titi tanti suna koya musu karatu da zane, kuma yara da yawa a nan suka fara jin an kira su da sunansu maimakon shamasa. Ranar 3 ga Yuni aka tarwatsa wurin da harsashi, aka ƙona tantunan.

Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya tashi a tsakiyar Hartum tsakanin soja da dakarun RSF. Cikin makonnin farko jarirai fiye da 50 suka mutu a Maiguma saboda masu reno sun kasa isowa, kafin ƙungiyar Red Cross ta kwashe kusan 300 zuwa Wad Madani a watan Yuni. Da Wad Madani ta faɗi a Disamba aka sake gudu da su zuwa Kasala. A Oktoban 2023 UNICEF ta ce yara miliyan 19 ba sa zuwa makaranta a ƙasar, kuma babu inda aka raba yara da gidajensu a duniya kamar Sudan. Malaman Ahfad da likitocin Umdurman suka watsu, wasu Alƙahira, wasu Fot Sudan, wasu Kampala. Waɗanda suka rage su ne matasan unguwa na ɗakunan agajin gaggawa, masu dafa wake da fate a manyan tukwane a takiyya, wato wurin rabon abinci kyauta. A unguwanni da dama, kusa da tukunyar, sun share wani ɗaki ko farfajiyar masallaci ko ajin makaranta suka tara yara suna zane da waƙa. Mafi yawansu ba su da horo, ba su da albashi, wasu an kama su, wasu an kashe su. Soja sun karɓe Hartum a Maris na 2025, mutane sun fara komawa, kuma kowane gida yana dawowa da yaran da suka ga gawa a titi.

Hukuncina a kan wannan tarihi shi ne, Tijjani al-Mahi ya fara aiki mai kyau, magadansa suka tsaya da shi a kan manya. Abin da ya yi da shehunai da masu zar ba a taɓa yin irinsa sosai da habboba da malamin khalwa da malamar aji ɗaya ba. An bar jinyar yara a hannun ayyukan agaji masu wa'adi, kuɗi ya ƙare a naɗe tanti, yaron da ya fara buɗe zuciyarsa ya wayi gari babu wanda ya saba da shi. Kayan aikin kuwa ba sai an yi odarsu ba, laka tana bakin Nilu, yashi ya cika Umdurman, kara da tsumma suna kowane gida. Abin da ake nema shi ne mutanen da aka horar, waɗanda za a biya su su zauna a unguwa ɗaya shekara da shekaru, da ƙwararre a bayansu wanda za su miƙa wa yaron da ciwonsa ya fi ƙarfinsu.

Ba don Sudan kaɗai na rubuta wannan ba. Muna da yaran Bama da Gwoza da suka girma a sansanonin Maiduguri, muna da na Zurmi da Maradun da Batsari da suka kwana a daji, wasu sun ga an harbe ubansu, wasu da kansu aka sace. Suna zaune a azuzuwanmu yau, mu malamai muna rubuta musu "ba ya ji" a takardar sakamako. Ina roƙon kwalejojin horar da malamai na Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina su sa wannan ilimi cikin karatun malaman firamare, asibitocin ƙwaƙwalwa na Kware da Kaduna da Maiduguri su ware ɗaki da ma'aikaci domin yara, malaman tsangaya kuma a kira su a zauna da su da mutunci kamar yadda Tijjani ya yi. Ke kuma uwa, da kai uba, in yaronku ya dawo daga wata fitina ya kama wasa ɗaya yana maimaitawa, kada ku ƙwace. Ku zauna kusa da shi ku kalla, in abin ya wuce wata da watanni ba sauƙi, ku kai shi asibiti.